Kar ka sayi inji kafin ka san abin da zai ci

'Yan'uwa masu son shiga sana'ar man tsirrai da gas ɗin kashin dabbobi, ku saurare ni, don abin nan ya dame ni. Kusan duk inda aka kira mu malaman gona mu duba injin da ya tsaya, labarin ɗaya ne. An ci bashi, an sayo inji, an kafa, bayan 'yan watanni tsatsa ta fara cin sa. Kuma lafiyarsa ƙalau, abin zubawa ne babu.

Tukunyar gas kamar cikin saniya take, kullum sai ta ci: kashin shanu da ruwa kusan daidai wa daida. Shanu nawa gare ka? Da rani ina za ka samo ruwan? Wa zai ɗauko, nawa za ka biya shi? In na yi waɗannan tambayoyi sai a yi shiru, alhali kuɗi sun riga sun tafi. Haba jama'a!

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A shekarun 2000 an yi ta rububin shuka bini-da-zugu a Indiya da Tanzaniya da Mozambik, ana cewa zai ba da mai ko a ƙasar da ba ta noma. Itacen ya rayu, amma 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba. Da yawa suka tattara suka tafi, aka bar manoma da asara.

Ita kuwa Brazil, da ta fara shirinta na etanol (man mota da ake yi daga rake ko masara) a 1975, rake na nan jibge, gwamnati kuma ta sa ana gauraya etanol ɗin da fetur, ka ga an samu mai saye. Tuƙar raken ma ƙona ta suke su samar da lantarki. A Amurka, masu etanol na masara suna sayar da dusar ga masu kiwo.

Na san niyyarku mai kyau ce, shi ya sa nake faɗa. Kafin ka biya kuɗin inji: auna abin da kake samu a mako, damina da rani. Yi yarjejeniya a rubuce da mai kawo maka. Nemo mai saye, ku tsayar da farashi. Sa kuɗin dako cikin lissafi. Takin da ke fita daga tukunyar ma kaya ne, nema masa kasuwa. Fara da ƙarami.

Don Allah ku neme mu tun kuɗin na aljihu, mu zauna mu yi lissafin tare.