Tarjamar Saba'in

Tarjamar Saba'in, wadda Turawa ke kira Septuaginta, ita ce fassara mafi tsufa da aka yi wa littattafan Yahudawa daga Ibrananci zuwa Girkanci. An fara ta ne a birnin Iskandariya na ƙasar Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin sarki Batlamiyus na Biyu. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne, Yahudawan da ke zaune a Iskandariya sun daɗe a can har 'ya'yansu da jikokinsu sun tashi da Girkanci a baki, Ibranancin ya fara ɓace musu, in an karanta Attaura a majami'a sai dai su ji sauti kawai.

Sunan ya samo asali daga wani labari da ke cikin wani tsohon rubutun Girkanci da ake kira Wasiƙar Aristiyas. Wai sarkin ne ya aika Urushalima wurin babban firist Ele'azara, aka turo masa dattawa 72, shida daga kowace ƙabila cikin goma sha biyu, aka ajiye su a tsibirin Faros suka gama aikin cikin kwana 72, adadin dattawan nan ne aka taƙaita zuwa saba'in. Daga baya aka ƙara wa labarin gishiri, aka ce kowa ɗakinsa daban amma da aka haɗa sai aka ga kalma ɗaya ba ta saɓa ba. Masana tarihi ba su ɗauki wannan a matsayin gaskiya ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne littattafai biyar na Attaura aka fara fassarawa, sauran kuma kamar Zabura da littattafan annabawa hannuwa daban-daban ne suka yi su a hankali cikin ɗaruruwan shekaru, shi ya sa salon bai zo ɗaya ba, wani ya bi kalma da kalma wani kuma ya sake jiki.

Da Kiristanci ya zo, marubutan Sabon Alkawari da Girkanci suka rubuta, to yawancin ayoyin da suke jawowa daga Tsohon Alkawari daga wannan tarjamar ne. A nan fa rigima ta taso. A Ishaya 7:14 Ibranancin ya ce "alma", wato yarinya da ta isa aure, masu fassara kuma suka sa "partenos" wadda ta fi karkata ga wadda ba ta san namiji ba, kuma wannan ce Matiyu ya kawo kan haihuwar Yesu. Mai jin Hausa zai gane wahalar nan da sauri, don kalmarmu "budurwa" tana ɗaukar duka biyun. Ganin Kiristoci sun rungumi tarjamar, Yahudawa suka ja baya, a ƙarni na 2 wani mai suna Akila ya yi sabuwar fassara da ta manne wa Ibranancin sosai. Wani malamin Kirista kuma mai suna Orijin a birnin Kaisariya ya jera rubutun Ibrananci da fassarorinsa na Girkanci cikin layuka shida gefe da gefe don a ga inda suka saɓa, aiki ne na ban mamaki gaskiya, abin takaici gutsattsari kawai suka rage.

Tarjamar Saba'in tana kuma da littattafan da babu su a kundin Ibrananci, irin su Tobit da Judit da Makabiyawa. Katolika da Otodoks sun riƙe su, Furotesta ba su lissafa su cikin nassi ba.

Littafin Irmiya a Girkanci ya fi na Ibrananci gajarta sosai, jerin surorin ma daban, shekaru aru-aru ana zargin masu fassara da yanke-yanke. Sai ga shi daga 1947 an fara gano naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, a cikinsu akwai guntun Irmiya da Ibrananci wanda ya yi daidai da gajeren, ashe mutanen nan wani kwafi ne daban a gabansu, ba su ci amana ba.

Tsofaffin manyan kwafenta su ne na Fadar Batikan da na Dutsen Sina'i daga ƙarni na 4. Daga wannan tarjamar aka fassara Tsohon Alkawari zuwa Ge'ez na Habasha da harshen Kibɗawan Masar, cocin Girka kuma har gobe ita yake karantawa.