Zuciya a Damben Gargajiya

Zuciya, a bakin 'yan dambe da makaɗansu da masu kallo, ita ce halin da ke sa ɗan wasa ya tsaya gaban wanda ya fi shi jiki ko suna, ya sha naushi bai ja da baya ba, kuma idan an kashe shi yau, wato an kayar da shi, ya sake ɗaure hannu gobe. Masu bin damben Hausa sukan bambanta ta da hannu, wato nauyin dukan mutum, da kuma dabara, wato iya kaucewa da sanin lokacin kai hari. Ana samun mai hannu marar zuciya, kuma irin wannan ba ya daɗewa a fage. Wanda zuciyarsa ta fi hannunsa kuwa yakan tara masoya ko da ana yawan buge shi.

Ma'anar kalmar

Kalmar tana da fuskoki da yawa a Hausa, kuma ba duka ne ake yabo ba. Idan aka ce wane ya yi zuciya, ana nufin ya fusata ko ya yi fushi ya janye. Zafin zuciya saurin hasala ne. Mutuwar zuciya kuwa ita ce rashin himmar neman na kai. Wadda ake nufi a dambe ta fi kusa da ƙarfin hali da juriya, irin wadda ake kira zuciyar maza. Kishiyarta ita ce karaya, shi ya sa ake cewa faɗuwar gaba asarar namiji. Tsofaffin 'yan dambe ba su ɗauki mai zafin zuciya a matsayin jarumi ba, domin wanda fushi ya ɗebe shi yakan saki garkuwarsa ya kai duka ba lissafi, a nan ne abokin karawa ke samun ƙofa.

Masu nazarin halayyar 'yan wasa a ƙasashen Turai suna da nasu bayanin. Wani tsari da Peter Clough da abokan aikinsa suka fitar a Ingila a 2002 ya kasa ƙarfin zuciyar ɗan wasa gida huɗu: mallakar kai, riƙe abin da aka sa gaba, ɗaukar wahala a matsayin dama, da yarda da kai.

Tarihi

Dambe ya daɗe yana tafiya tare da sana'ar fawa. Mahauta, waɗanda ake kuma kira Rundawa, su ne aka fi sani da shi, kuma a garuruwa da yawa Sarkin Fawa ne uban 'yan damben gari. Ba a iya tsayar da lokacin da wasan ya fara. Wasu manazarta sun kwatanta tsayuwar ɗan dambe da zane-zanen 'yan naushi na tsohuwar Masar, amma wannan kamanceceniya ce kawai, ba ta kai hujjar asali ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta shi ne na matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a farkon 1824 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ya ji labarin 'yan damben ƙasar Hausa, sai ya sa ladar wuri 2,000 don a yi wasa a gabansa. Bisa ga abin da ya rubuta, 'yan damben sun iso da makaɗa, mahautan gari na biye da su. Aka watsa ƙura don jama'a su ja baya a sami fili. 'Yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka ajiye kaya, kowa ya nufo wurin. Kowane ɗan wasa ya fito daga shi sai warki, ya zagaya fili yana nuna damatsansa, yana kirari cewa shi kura ne, shi zaki ne, zai kashe duk wanda ya tare shi. 'Yan kallo kuma suka dafa kafaɗarsa suna sa masa albarka, suna maimaita masa kirarin. Daga nan aka naɗe masa hannun dama da sawaye, tun daga dunƙulen hannu har zuwa damtse. Clapperton ya hana a yi faɗan da gaske, domin an gaya masa sau da yawa wasan yakan ƙare da mutuwa.

Wannan bayani yana da muhimmanci saboda kusan duk abin da ya lissafa yana nan har yau: mahauta, kiɗa, kirari kafin karawa, hannu ɗaya a ɗaure, ɗaya a buɗe. Abin lura kuma shi ne kiran kai da sunan kura. Bahaushe ya san kura da tsoro da ban tsoro a lokaci guda, kuma ɗan damben da ya tsaya a fage yana ɗauke da duka biyun. Kirarin hanya ce ta danne na farko a fito da na biyu.

Sana'ar fawa kanta makaranta ce ta zuciya. Yaron mahauci yana tashi cikin jan sa da igiya, da kayar da shi, da ganin jini tun bai mallaki hankalinsa ba. Mahauta suna da wani wasan nasu, hawan ƙaho, inda saurayi zai tunkari bijimi ana kiɗa masa kalangu, ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ya rungume wuya. Wanda ya saba da wannan, tsayawa gaban ɗan Adam mai hannu ɗaya a ɗaure ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

Lokacin dambe a da shi ne kaka, bayan an kawar da amfanin gona, hatsi ya cika rumbu, mutane suna da abin kyauta. Ayarin 'yan dambe da makaɗansu sukan bi ƙauyuka da kasuwanni, a sauka gari a nemi mazajen garin su fito. Baƙon ɗan dambe yana wasa ne a filin da ba nasa ba, gaban jama'ar da ke fatan ganin ya faɗi, bayan tafiyar ƙasa mai nisa. Ɗan gari kuma yana wasa gaban iyayensa da budurwarsa. Kowanne da irin nauyin da ke kansa, kuma an ce tsoro na daji, kunya na gida. Kalmomin wasan ma na yaƙi ne: hannun da aka ɗaure shi ne mashi, wanda aka bari a buɗe garkuwa, kayar da mutum kuma kisa. Wannan ne ya sa ake yawan cewa dambe ya taɓa zama hanyar shirya samari don fagen fama, ko da yake hujjar da aka fi kafawa ita ce kalmomin kansu.

A ƙarni na 20 sunayen da suka fi tashe sun haɗa da Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware. Labarinsu ya yaɗu ne ta bakin makaɗa, musamman Muhammadu Bawa Ɗan Anace na ƙasar Sakkwato, wanda waƙarsa ta Shago ta kai ga kunnen mutanen da ba su taɓa taka gidan dambe ba. Saboda yawancin abin da aka sani game da su ta waƙa da hira ya zo, ba a cika samun daidaito kan shekarun manyan karawarsu ba.

Ƙa'idar kisa

Dokar wasan ce ke sa zuciya ta yi tsada haka. Ana yin turmi uku, wato zagaye uku. Da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare. Babu ƙirga goma kamar a damben zamani, babu damar tashi a rama a turmi na gaba. Idan an gama turmi uku kowa na tsaye, sai a ce babu kisa. A tsarin gargajiya ba a auna nauyi a ma'auni, ana dai duban jiki da suna a sa zare, wato a haɗa karawa, tsakanin waɗanda ake ganin sun dace, kuma ƙaramin ɗan wasa yana iya neman babba da kansa. Ana kuma kai duka da ƙafa.

Sakamakon haka, ɗan wasa zai iya shafe shekaru yana gina suna, kuskuren ƙiftawar ido ɗaya ya kai shi ƙasa gaban dubban mutane. Masu kallo na yau da gobe suna sa ido kan tsayuwar nan ta shiru kafin duka, lokacin da maza biyu suka miƙa garkuwa, suka ja mashi baya, suna kallon ƙwayar idon juna. A nan ake gane wanda gabansa ya faɗi: yakan yawaita ja da baya, ko ya riƙa rungumar abokin karawa don a raba su, ko ya nemi a gyara masa zare ba dalili. Ƙin amsa sa zare ya fi faɗuwa zubar da mutunci. Wanda aka buge an san ya tsaya.

Kiɗa da kirari

Kowane ɗan damben da ya kai yana da takensa. Idan makaɗi ya ɗora kalangu ya kaɗa taken, ya ambaci ubangidansa da garinsu da mazajen da ya kashe, sai a ga ɗan wasan ya miƙe yana tsuma, jikinsa na rawa, ya fito tsakiyar fili ya ɗaga hannu yana kirari. Makaɗi ba mai nishaɗantarwa kawai ba ne a nan. Shi ne ke tuna wa mutum ko shi wane ne a daidai lokacin da jikinsa ke ba shi shawarar ya zauna. Yakan kuma yi zuga da habaici, ya kira sunan wani ɗan wasa a ɗaya ɓangaren don a tsokano shi. Kyautar da ake yi wa makaɗa da liƙin da ake yi wa wanda ya yi kisa duk cikin wannan zagaye suke.

Sunayen fage ma suna ɗora nauyi. Wanda ake kira Shagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, yana ɗauke da sunan maigidansa ne, kuma faɗuwarsa ta shafi gidan gaba ɗaya. Bahago shi ne mai ɗaure hannun hagu. Haka nan kowa yana da ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa ko Jamus, kuma kisa ɗaya yakan sa ɓangare guda ya cika fili da murna.

Horo

A da ba a ware wani wuri na motsa jiki ba. Noma da fawa da tafiyar ƙasa da ɗaukar kaya su ne suka gina jikin 'yan dambe. Koyon wasan kansa ta hanyar bin ubangida ake yi. Yaro yakan fara da riƙe jaka da ɗebo ruwa, ya koyi naɗa kara, wato ƙyallen ɗaure hannu, da zare a hannun manya, sannan a fara sa shi a wasannin share fage da yara sa'anninsa kafin manya su fito. A wannan mataki ne ake sanin ko yana da zuciya, domin kusan kowa sai ya sha ƙasa. Ubangida yana duban abin da yaron zai yi washegari ne.

'Yan wasan yanzu da yawa sun ƙara da gudun asuba, da dukan buhun yashi, da ɗaga ƙarfe ko siminti da aka zuba a gwangwani, da tsalle da igiya. Sai dai har yanzu babban horon shi ne yawan shiga fage. A gidajen dambe na birane ana wasa kusan kullum, wasu wuraren safe da yamma, kuma ɗan wasan da ke neman abinci da hannunsa yakan dambata sau da yawa a mako guda, abin da ƙwararren ɗan damben zamani ba zai yi ba a cikin shekara. Wannan yana kashe tsoro, yana kuma cinye jiki da wuri.

Asiri

Layu da guraye da kambuna tsofaffin kayan ɗan dambe ne, wasu kuma sukan yi tsaga a hannun duka a shafa magani. Masu yi sun ce kariya ce da ƙarin ƙarfi. Malamai da dama suna ƙyamar abin, wasu 'yan wasan kuma sun ce addu'a da horo sun wadatar. Ana zargin wasu da shaye-shaye kafin wasa. An hana sa wani abu mai kaifi ko tauri cikin naɗin hannu.

Halin yanzu

Ana wasa a gidaje na dindindin kamar dandalin Ado Bayero a Kano da gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei, Abuja, ana kuma shirya gasa ta mota ko babur. Tashar Dambe Warriors a YouTube da kamfanin African Warriors Fighting Championship sun kai wasan ga masu kallo a ƙasashen waje, tare da ƙayyade lokacin turmi da kawo ma'aikatan lafiya bakin fili.

Rauni da tsufa

Karyewar haƙora da muƙamuƙi, fashewar gira, da targaɗen yatsu sanannun raunuka ne. Wanda ya fi haɗari shi ne na ƙwaƙwalwa, domin ba a ganinsa da ido. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda yawan duka a kai ke jawo wa tsofaffin 'yan dambe rawar jiki da nauyin baki da rikicewar tunani. Ɗan wasan da ya suma sannan ya koma fage kafin ƙwaƙwalwarsa ta warware yana cikin haɗari mafi girma, kuma abin takaici, irin wannan komawar ce jama'a suka fi yi wa tafi da sunan zuciya. Ubangidan kirki shi ne wanda zai ƙwace zaren ya ce yau ba za a ɗaura ba.

'Yan dambe ba su da fansho. Abin da al'ada ta tanada shi ne ajo: a keɓe rana da sunan ɗan wasa ɗaya, a gayyato manyan 'yan dambe daga ɓangarori daban-daban su yi wasa, abin da aka tara a ƙofa da gudummawar masoya a ba shi don aure, ko jinya, ko jarin da zai koma kasuwa da shi. Cikin waɗanda sukan zo su ɗaure hannu a ranar har da mazajen da ya taɓa kashewa a fage.