Na'urorin kashe ƙwayoyin cuta a ɗakunan asibiti

Na'urorin kashe ƙwayoyin cuta a ɗakunan asibiti injuna ne da ake shigarwa ɗaki bayan an sallami majiyyaci, su yi aikinsu da kansu ba tare da hannun mutum ya taɓa komai ba. Dalilin samuwarsu shi ne goge-gogen hannu yakan tsallake wurare da dama, alhali ƙwayoyi irin su MRSA da VRE (bakteriya masu jure magunguna) da Clostridioides difficile (mai haddasa gudawa) suna iya rayuwa a kan ƙarfen gado, marikin ƙofa ko teburin gefen gado na tsawon kwanaki, wasu har watanni. Wanda aka kwantar a ɗakin da mai irin wannan cuta ya bari ya fi shiga haɗarin kamuwa.

Nau'i biyu ne suka fi yaɗuwa. Na farko yana amfani da hasken UV-C, wani haske da ido ba ya gani, galibi mai tsawon zango nanomita 254, wanda ke lalata DNA da RNA, wato sinadaran halitta na ƙwayar cuta, ta kasa hayayyafa. Yana da sauri, domin yawanci ba ya kai awa ɗaya. Rauninsa inuwa ce: inda hasken bai kai ba, kamar ƙarƙashin katifa ko bayan kujera, ƙwayoyin na nan lafiya ƙalau, kuma ƙarfinsa na raguwa sosai da nisa. Shi ya sa ake sauya wa na'urar wuri sau biyu ko uku, ko a yi amfani da mutum-mutumi mai zagaya ɗakin da kansa. Hasken na ƙona fata da ido, don haka ana sa masa na'urar gane motsi da ke kashe shi da zarar wani ya shigo.

Na biyu tururin haidurojin faroksaid ne, mai ƙarfin kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. Yana shiga lungu da saƙo, ya fi UV-C kashe ƙwayoyi, amma sai an toshe ƙofofi da kafofin iska, kuma ɗakin kan zauna a rufe na sa'o'i kafin sinadarin ya rikiɗe ya koma ruwa da iskar oksijin. A asibitin da gado ke ƙaranci, wannan jira ba ƙaramin abu ba ne.

Duka biyun ba sa ɗauke jini, majina ko ƙura; dole a fara sharewa da gogewa, domin datti na kare ƙwayoyin.

Binciken BETR, wanda aka yi a asibitoci 9 na kudu maso gabashin Amurka aka buga a mujallar Lancet a 2017, ya nuna ƙara UV-C a kan gogewar da aka saba ya rage kamuwa da ƙwayoyin da aka bibiya da kusan kashi 30 cikin ɗari. Sai dai ƙara shi a kan gogewa da sinadarin bilic bai rage kamuwa da C. difficile ba. Annobar korona ta ƙara musu kasuwa: a 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta sayi mutum-mutumi 200 masu hasken UV domin raba wa asibitocin ƙasashenta.