Zarton datse rassa mai ninkewa

Zarton datse rassa mai ninkewa ƙaramin zarto ne na hannu da ake yanke rassan bishiya da shi, wanda ruwansa ke ninkuwa ya shige cikin mariƙinsa kamar yadda wuƙar aljihu take yi. Masu lambun itatuwan marmari da ma'aikatan gandun daji da masu gyaran bishiyoyin cikin gari ne suka fi amfani da shi, musamman ga reshen da ya fi ƙarfin almakashin lambu amma bai kai a kunna masa zarton inji ba, wato mai kauri daga kamar santimita 2 zuwa 10. Tsawon ruwansa yakan kama daga santimita 13 zuwa 27, kaurinsa kuma bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba, kuma wannan rashin kauri shi ne tushen kusan duk ƙa'idojin aiki da shi da na adana shi.

Ƙira da asali

Yawancin irin wannan zarto suna bin tsarin zarton Japan, wanda haƙoransa suka karkata zuwa wajen mai riƙo, saboda haka yana cin itace ne a lokacin da aka jawo shi, saɓanin zarton kafinta na Turai da ke ci idan an tura. Hikimar ita ce ƙarfen da ake ja yana miƙewa da kansa, ba ya bukatar kauri don ya tsaya daidai, sai ya buɗe siririyar tsaga, mai aiki kuma ba ya gajiya da wuri. Daga cikin sanannun masu ƙera shi akwai Silky na garin Ono a yankin Hyogo da ARS na birnin Sakai, dukansu a Japan, sai Felco na Suwizalan da Opinel na Faransa da Bahco mai asali daga Suwidin, wanda samfurinsa na Laplander ya bambanta da sauran domin yana yanka a ja da kuma a turi.

Ana yin ruwan da ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, sau da yawa a lulluɓe shi da kurom, wani ƙarfe mai ƙyalli, don kare tsatsa da rage mannewar ƙaro. A zaruttan zamani kowane haƙori yana da fuskoki uku da aka wasa, yana yanka zaren itace kamar wuƙa maimakon ya yayyaga shi, kuma akan gasa kan haƙoran da zafin lantarki na ɗan lokaci kaɗan har su yi tauri ƙwarai, alhali jikin ruwan ya zauna da ɗan laushinsa. Manyan haƙora, shida zuwa takwas a kowane inci, su ne na ɗanyen itace, domin gurbin da ke tsakaninsu yana fitar da jiƙaƙƙen garin itace ba tare da ya toshe ba. Ƙananan haƙora sun fi dacewa da busasshen itace mai tauri da gora da ƙananan rassa. Miƙaƙƙen ruwa ya fi daɗin aiki daga ƙugu zuwa kafaɗa, mai lanƙwasa kuwa yana kama reshen da ke sama da kai da kansa.

Yadda ake yanka

Kafin a ɗora zarton a kan itace wajibi ne a buɗe shi har makullinsa ya kama, a kuma jijjiga ruwan a tabbatar, domin ruwan da ya ninko a tsakiyar aiki kan yatsu yake faɗawa. Ana fara tsagar da gajeren ja biyu ko uku a hankali, sannan a ci gaba da dogon ja wanda zai yi amfani da tsawon ruwan gaba ɗaya, a saki ƙarfi yayin mayarwa. Wanda ya saba da zarton kafinta yakan yi kuskuren dannawa wajen turi, kuma nan ne ruwa ke lanƙwashewa ko bakinsa ya karye, musamman idan reshen ya fara matse shi. Idan ya maƙale, abin yi shi ne a ɗaga reshen ko a danna shi ta yadda tsagar za ta buɗe, a zare zarton a miƙe; murɗa shi hagu da dama ɓata shi ne. Masu sana'ar sukan so tsawon ruwa ya kai ninki biyu na kaurin reshen da za a yanke.

Reshe mai nauyi ana sauke shi ne da yanka uku, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci ga lafiyar bishiya. Yanka na farko daga ƙasan reshen ake yin sa, kamar santimita 30 daga gangar jikin bishiyar, a shiga kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama ake yi, ɗan gaba kaɗan da na farko, har reshen ya karye ya faɗi. Tsagar ƙasan nan ita ce ke tare ɓawo kada nauyin reshen ya saɓule shi har jikin bishiyar. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, kuma ana yin sa ne dab da wajen kumburin nan da ke gindin kowane reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba. Binciken Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa da ya yi aiki a hukumar gandun daji ta Amurka, shi ya tabbatar da cewa a wannan kumburi ne bishiya ke gina shingen da ke hana ruɓewa shiga cikinta, don haka aske reshe daidai da gangar jiki, wanda a da ake ɗauka gwaninta ce, buɗe wa cuta ƙofa ne. Barin dogon kututture ma illa ne, domin yana bushewa ya zama mashigar gara da ruɓa. Binciken ya kuma nuna cewa shafa fenti ko kwalta a kan yankan ba ya hana ruɓewa.

A gonakin mangwaro da gwaba da lemo na ƙasar Hausa, adda da gatari ne aka fi rage rassa da su, kuma ko da yake suna da sauri, sukan bar tsagaggen baki mai riƙe ruwa, inda zarto ke barin sumul ɗin fuska da ke rufewa da wuri. Mai yanke mangwaro ya kamata ya sa safar hannu, domin ruwan da ke fita daga reshensa yana ƙona fatar wasu mutane. Hannun da ke riƙe reshe ana ajiye shi nesa da layin yanka, ba a tsayawa a ƙarƙashin abin da ake yankewa, kuma reshen da ke kusa da wayar lantarki aikin ma'aikatan wuta ne.

Kulawa da adanawa

Abin da ya fi saurin hana wannan zarto ci shi ne ƙaro da garin itace da ke daskarewa a tsakanin haƙora, kuma da yawa daga zaruttan da ake cewa sun dakushe datti ne kawai ya toshe su. Bayan kowane aiki a goge haƙoran da tsohon burushin goge baki, a narkar da ƙaron da kananzir ko sifirit ko ruwan sabulu mai ɗumi, a tsane ruwan sarai, sannan a shafa ɗan mai mara kauri irin na keken ɗinki, a ɗiga ɗigo ɗaya a mahaɗar ruwan da mariƙin. Ninke zarto da danshi a jikinsa shi ne babban sanadin tsatsa, domin mariƙin yana kulle laimar a ciki, kuma da damina kwana biyu sun isa a ga jan tabo. Ƙusar mahaɗa takan saki da yawan aiki, sai ruwa ya riƙa rawa yana karkatar da yanka, don haka ana ɗaure ta lokaci lokaci, gwargwadon yadda zarton zai buɗe ba tare da wahala ba.

Idan ana yanke bishiya mai cuta, ana goge ruwan da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari kafin a wuce zuwa wata, don kada zarton ya zama mai raba cutar a lambu. Ruwan bilic, ma'auni ɗaya cikin tara na ruwa, shi ma yana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai yana cin ƙarfe, dole a ɗauraye a shafa mai bayansa.

Batun wasawa ya danganta da irin haƙoran. Waɗanda aka taurara da lantarki, waɗanda akan gane su da baƙi-baƙin launi a kansu, sun fi magagari tauri, saboda haka idan sun ƙare sabon ruwa ake saya a kwance tsohon a ɗaura, mariƙin kuma ya ci gaba da aiki shekaru. Waɗanda ba a taurara ba ana wasa su da siririn magagari mai kaifin gefe, a bi kusurwar da masana'anta ta yi wa kowane haƙori. Yanka saiwa a cikin ƙasa, ko itacen da yashi ya manne masa, ko wanda ke da ƙusa ko waya a ciki, yana iya cinye haƙoran sabon zarto a yini guda, shi ya sa masu lambu da yawa ke keɓe tsohon ruwa domin irin wannan aiki.