Jami'a a Gari, Haraji a Kan Maƙwabta: Yadda Dokar Harajin Gidaje Take a Amurka

A Najeriya ƙaramar hukuma kan zuba ido ne ga kason da ke fitowa daga asusun tarayya. A Amurka ba haka abin yake ba. Babban abin da ƙaramin gari ke dogaro da shi a can shi ne harajin gidaje da filaye. Da shi ake biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da shi ake gyara tituna da kwashe ƙanƙara lokacin hunturu, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga nan yake fitowa.

Yadda ake yanka harajin shi ne mabuɗin zancen. Hukumar gari takan fara zama ta tsara kasafinta, ta ga nawa take buƙata a shekara. Ma'aikacin ƙiyasi kuma ya riga ya sa wa kowane gida da shago da fili kima. Daga nan sai a raba kuɗin a kan dukiyar da haraji ya hau kanta, a ce dala kaza a kan kowace dala dubu ta kimar gida.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Gari na buƙatar dala miliyan 10, dukiyar cikinsa kuma ta kai dala biliyan 1. Kowa zai biya dala 10 a kan kowace dubu, wato mai gidan dala 300,000 zai ba da 3,000. To a ce rabin dukiyar nan doka ta yafe mata haraji. Buƙatar gari ba ta ragu ba ko da sisi. Wannan magidancin, da gidansa na jiya, yanzu 6,000 zai biya.

Abin da ke faruwa ke nan a garuruwan jami'o'i. Jihohin Amurka sun yafe wa makarantun da ba don riba aka kafa su ba harajin gine-ginen da suke amfani da su wajen koyarwa da bincike. A jihar Niyok, sashe na 420-a na dokar harajin ƙasa da gidaje ne ya tanadi haka. Hujjar kuwa mai kyau ce: ilimi hidima ce ga jama'a, bai kamata a tatse shi kamar kanti ba. Ni ma na yarda da ita. Inda gizo ke saƙa shi ne, majalisar jiha ce ta yi alherin, amma aljihun mutanen gari ɗaya ne ke biya.

Dubi Ithaca ta jihar Niyok, gari mai mutum kusan 32,000, inda Jami'ar Cornell take tun 1865. Fiye da rabin kimar dukiyar garin ba ya biyan haraji, kuma mafi yawansa na jami'ar ne. Amma in ƙararrawar gobara ta kaɗa a ɗakin kwanan ɗalibai da tsakar dare, motar 'yan kwana-kwanan gari ce ke hawa tudun da jami'ar take. In ƙanƙara ta sauka, motocin gari ne ke fitowa tun kafin asuba suna ture ta, suna watsa gishiri a kan hanyoyin da malamai da ɗalibai za su bi. Tsohuwar da ke zaune da kuɗin fansho a gidan da ta gada, ita takardar haraji ke zuwa wa. Ɗalibin da ya kama haya a cikin gari ma bai tsira ba, don mai gida kan zuba harajin a cikin kuɗin haya.

Ba a ce jami'a ba ta da amfani ga gari. Tana ba dubban mutane aiki, tana kawo masu saye, kuma takan biya haraji a kan gine-ginen da ta sa a kasuwanci. Sai dai albashi da ciniki ba kai tsaye suke shiga asusun gari ba.

Don rage raɗaɗi aka ƙirƙiro abin da ake kira kuɗin madadin haraji. Ba wajibi ba ne, ciniki ne tsakanin shugaban gari da shugabannin jami'a. A 2023 Cornell ta amince ta ɗaga abin da take ba Ithaca daga kusan dala miliyan 1.6 zuwa miliyan 4 a shekara, na tsawon shekara 15, alhali asusun ajiyarta ya kai kusan dala biliyan 10. A Princeton ta jihar New Jersey kuwa mazauna gari ne suka maka jami'a a kotu a 2011, suna cewa tana samun kuɗi ta hanyoyin kasuwanci. A 2016 aka sasanta, jami'ar ta yarda ta biya sama da dala miliyan 18.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne rashin daidaiton ƙarfi. Gari ba shi da sandar da zai ɗaga, sai roƙo da matsin jama'a, kuma hannun da ke karɓa kullum shi ne a ƙasa. Shi ya sa hanyar Connecticut ta fi kwanta mini a rai: tun 1978 jihar ce ke biyan garuruwa diyyar wani ɓangare na harajin da suka rasa saboda jami'o'i da asibitoci masu zaman kansu, ko da yake ta daɗe tana biyan ƙasa da abin da ta alkawarta. Jihar New Hampshire kuma ta bar ajujuwa da yafiya, amma ta ɗora haraji a kan ɗakunan kwanan ɗalibai da na cin abinci in kimarsu ta haura dala 150,000. Da wannan ne Kwalejin Dartmouth ta zama babbar mai biyan haraji a garin Hanover.