Tokar 'ya'yan ciyawa: me take yi a lambu?

Manoma 'yan'uwa, ana yawan tambayarmu game da wata dabara ta tsarin noman bayodainamik (noman da ba a sa takin zamani, ana kuma la'akari da tafiyar wata da taurari), wai a ƙona 'ya'yan ciyawa a watsa tokar, ciyawar ta daina fitowa. Dabarar ta samo asali ne daga Rudolf Steiner, ɗan ƙasar Ostiriya, a laccocin da ya yi wa manoma a ƙauyen Koberwitz (yanzu yana ƙasar Poland) cikin 1924.

Ga yadda masu ita ke yi. Su tara 'ya'yan ciyawar da ta addabe su bayan sun nuna, su ƙona su ƙurmus a wutar itace, su niƙa tokar, su barbaɗa a gona. Steiner ya ce a shekara ta huɗu ciyawar za ta ɓace. Haka suke yi don korar ƙwari da ɓeraye: ƙwaro ana ƙona shi gaba ɗaya, ɓera kuwa fatarsa ake ƙonawa lokacin da tauraruwar Zahra ke cikin burjin Kunama. Wasu ma kan sirka kashi ɗaya na toka da kashi tara na ruwa, su ɗebi kashi ɗaya na haɗin su sake sirkawa haka, har sau takwas. A lissafi, kashi ɗaya ke nan cikin miliyan 100.

Mu dai ba za mu ce ku dogara da wannan ba. A 1992 masu bincike a Niyu Zilan sun gwada tokar da aka yi ta wannan hanya a kan fosam, wata dabba mai ɓarnar itatuwa, ba ta kore ta ba. Inda aka ga ciyawa ta ragu, a duba da kyau: wanda ya kwashe 'ya'yanta kafin su zube ya riga ya rage ta baɗi, ko da a rami ya zuba tokar. Wannan aikin shi za a riƙe, kowace shekara, domin wasu 'ya'yan kan yi shekaru a ƙasa kafin su tsiro.

Tokar itace zalla tana da nata amfani. Akwai fotash da kalsiyam a cikinta, tana rage tsamin ƙasa, busasshiyarta kuma kan tare katantanwa, sai dai da ta jiƙe shi ke nan. A sa kaɗan, don in ta yi yawa takan ƙona ƙananan tsirrai. Kada a gauraya ta da yuriya, ƙarfin takin zai bi iska. Tokar roba ko ta fentaccen katako ba ta lambu ba ce. Mushen ɓera kuma kada a fiɗe shi da hannu, yana ɗauke da cuta. A binne shi.