Vila: Aljanar Daji a Almarar Al'ummar Slav

Vila aljana ce da ta yi suna a almarar al'ummomin Slav na kudu, musamman a Sabiya, Kuroshiya, Bosniya da Montenegro. Mutanen Bulgeriya kuma suna kiran irinta samodiva. Tun a ƙarni na 6 marubucin tarihi Procopius ya ambaci cewa Slav suna yi wa koguna da aljanu mata hadaya.

Ana siffanta ta da budurwa kyakkyawa mai dogon gashi a sake, sanye da fararen tufafi, wani lokaci har da fukafukai. Mazauninta kurmi ne, ko tsauni, ko bakin maɓuɓɓuga. A waƙoƙin Bulgeriya tana hawan barewa, macizai ne linzaminta. Da dare ita da 'yan uwanta sukan yi rawa cikin da'ira, kuma duk wanda ya taka filin rawar, an yi imani zai iya samun shanyewar jiki ko taɓin hankali.

Ƙarfinta yana cikin mayafinta. Makiyayin da ya sace shi lokacin da take wanka, dole ta aure shi, ta haifa masa 'ya'ya. Sai dai auren ba ya ƙarko: ranar da ta gano inda aka ɓoye mayafin, ranar za ta koma daji.

Vila ba muguwa ce zalla ba, kishi ne da ita. Wadda aka fi sani ita ce Ravijojla ta dutsen Miroč da ke Sabiya, a waƙoƙin jarumta da masanin harshe ɗan Sabiya Vuk Karadžić ya tattara a ƙarni na 19. Ta harbi jarumi Miloš da kibiya a maƙogwaro da zuciya don kawai muryarsa ta fi tata daɗi. Yarima Marko, abokin Miloš, ya bi ta a kan dokinsa Šarac, ya kama ta, ya tilasta mata ta tsinko ganyayyaki ta warkar da Miloš. Daga nan ita da Marko suka ƙulla 'yan'uwantakar rantsuwa. Marko kuwa mutum ne na gaske, ya mutu a yaƙin Rovine a 1395.

Can arewa akwai danginta. Mavka ta Yukren ruhin yarinya ce da ta mutu ba a yi mata baftisma ba, bayanta a buɗe, ana ganin kayan cikinta. Dziwożona ta Polan kuwa jarirai take sacewa, ta bar nata a madadinsu.